Yadda Uwa Za Ta Gyara Zamanta a Gidan da Ya Daina Ganin Hidimarta

A wani gidan biki da na halarta a unguwar Rikkos da ke Jos cikin sanyin watan Disamba, na ga wata baiwar Allah da ba za ta gaza shekara hamsin ba tana tsaye a kan tukwane uku tun bayan sallar asuba. Ita ta auna shinkafa, ita ta tsare masu suyar nama don kada ya yi ƙafa, ita ta san kular da za a kai wa dangin ango da wadda za a ajiye wa baƙin da ke hanya daga Bauchi. Da la'asar ta yi aka zo ɗaukar hoto, sai aka jera 'yan mata masu anko, aka kira amarya da ƙawayenta, mai hoto ya ɗaga hannu ya ce wa matar nan, "Mama, ɗan matsa gefe." Ta matsa tana goge hannu da bakin zaninta, ta koma ta duba ko shinkafar ta kama. Ban ji wanda ya yi mata rashin kunya ba, kuma na tabbata da za a tambayi mutanen gidan, kowa zai rantse yana ƙaunarta. Sabo ne kawai ya yi aikinsa, domin da aka tambayi ido wa ya raina, cewa ya yi wanda yake gani kullum.

Irin wannan mata nake yi wa magana, wato ke da kika haura arba'in da biyar, 'ya'ya sun tasa, ana kiranki Umma ko Mama ko Hajiya, amma kin manta rabon da wani ya tambaye ki yadda kika kwana ya kuma tsaya ya ji amsa. A garin Jos kuwa, matan wannan tsara sun ɗauki kaya fiye da na girki da reno. Wadda aka haifa a 1975 tana da shekara 26 lokacin rikicin Satumbar 2001, tana ji tana gani babbar kasuwar Taminus ta ƙone a 2002 da jarin mazaje da 'yan'uwa a ciki, ta sake ganin tashin hankali a 2008 da 2010. Da yawa sun canza unguwa da goyo a baya, sun riƙe marayun dangi, sun ciyar da gida da kuɗin awara da ɗinki a shekarun da maigida ba shi da abin yi. Yanzu da ƙura ta lafa, yaran da aka yi wa wannan wahala ba su san an yi ta ba, manyan da suka sani kuma sun ɗauke ta a matsayin abin da dama ya kamata ki yi.

Shawarar da sauran duka suka rataya a kanta ita ce ki daina zaman jiran godiya. Kin cancance ta, amma ba a tilasta wa mutum ya gode, wadda aka roƙa kuma ba ta sanyaya zuciya. Abin da za ki iya nema ki kuma samu shi ne canjin tsarin gida: wa ke yin wane aiki, kuɗin wa ke tafiya ina, da wa ake shawara kafin a yanke magana. Idan tsari ya canza, girmamawa takan biyo baya da ƙafarta, ko da ba ta zo da irin kalmomin da kika so ki ji ba.

Ki fara da littafi da biro

Kafin ki buɗe baki da kowa, ki sayi ƙaramin littafin rubutu irin na 'yan firamare, ki yi mako guda kina rubuta duk abin da kika yi daga farkawa zuwa kwanciya, tare da lokacin da ya ci miki. Idan rubutun boko bai zauna miki ba, ki yi da ajami, ko ki riƙa naɗar muryarki a waya. Kada ki raina komai. Ki sa ɗora ruwan wanka da ɗumame, da cefane a Farin Gada, da kai niƙa, da raka suruka asibiti, da zuwa gaisuwar mutuwa a Bukuru a madadin gida gaba ɗaya, da sasanta 'yarki da mijinta ta waya har sha ɗayan dare. Ki sa har aikin da ake yi da kai, wanda babu mai ganinsa: tuna ranar biyan kuɗin makaranta, da lura cewa maganin maigida ya kusa ƙarewa, da lissafin yadda mudu biyar zai kai ƙarshen mako. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2018 cewa mata ne ke yin kashi 76 cikin 100 na aikin kula da gida da iyali wanda ba a biyan kowa a kansa, wato ninki uku na abin da maza ke yi har da ɗoriya. Littafin naki zai nuna miki rabonki daga wannan lissafi, kuma sau da yawa mace da kanta takan yi mamakin abin da ta gani.

Bayan mako ya cika, ki zauna ki raba ayyukan gida uku: wanda ke kaɗai za ki iya, wanda wani a gidan zai iya in an koya masa, da wanda ko an bar shi babu abin da zai lalace. Kashi na farko ba ya da yawa kamar yadda kike zato. Daga nan ki tambayi kanki ainihin inda ke miki ciwo, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wata yawan aikin ne ya dame ta, wata kuwa ba ta ƙi aikin ba, abin da ke cin ranta shi ne a yanke maganar auren 'yarta ba da ita ba. Wata kuɗinta ne ke narkewa a cefane, wata kuma hira kawai ta rasa. Wadda ta tafi wurin miji da cewa "an mayar da ni baiwa a gidan nan" za ta dawo da rigima, amma wadda ta san takamaiman abin da take so tana iya dawowa da shi a hannu.

Maganar maigida

Nan ne aka fi yin kuskure, don haka zan daɗe a kansa. An koya mana kawaici tun muna yara, saboda haka idan rai ya ɓaci mukan bi ta habaici, ko bugun kwanuka a kicin, ko ɗaure fuska har a tambaya mu ce "ba komai". Namijin da ya shekara ashirin da biyar yana jin "ba komai" ya koyi ɗaukarta yadda aka faɗe ta, domin hakan ya fi masa sauƙi. Habaici kuma yana ba shi damar ya yi kamar bai gane ba. Ki ajiye waɗannan makamai, sun tsufa a hannunki ba su ci yaƙi ba.

Ki nemi lokaci tukuna. Kada ki tare shi a ƙofa yana shigowa, ko yana cin abinci, ko a gaban yara, ko ranar da ba girkinki ba. Ki ce, "Alhaji, ina da magana da kai, amma ba ta gaggawa ba ce. Yaushe za ka sami sarari?" Wannan tambaya kaɗai tana sanar da shi cewa maganar mai nauyi ce. Idan lokacin ya zo, ki kawo abu ɗaya tak, ki faɗi abin da ya faru, ki faɗi yadda ya taɓa ki, ki faɗi abin da kike so a yi nan gaba. Misali: "An sa ranar auren yarinyar nan, ni kuwa a bakin ƙanwarka na ji. Abin ya yi mini ciwo. Ina roƙon arziki, duk maganar da ta shafi yaran nan a riƙa yin ta da ni kafin ta fita waje." Kada ki jawo abin da uwarsa ta yi miki kina amarya, ko da yana nan daram a ranki. Da zarar an buɗe tsohon kundi, zai kama kare kansa, maganar yau kuma ta bi ruwa.

Ki shirya wa amsoshin da kusan kowace mace ta san su. Zai iya cewa, "Me na rage ki da shi?" Ki yarda da abin da yake yi ɗin, kada ki musanta ci da sha da sutura, sannan ki dawo kan buƙatarki: "Allah ya ƙara buɗi, ban ce ka rage ni da abinci ba, maganar shawara nake yi." Zai iya cewa, "Haba Hajiya, ke da kin girma?" ko kuma wadda ta fi kowacce yawo a gidajenmu, "Ai ke ce babba, ke za ki yi haƙuri." A ganina babu kalmar da aka fi cutar matan wannan shekaru da ita kamar wannan, domin ana ba mace girma da baki ne don a karɓe haƙƙinta da hannu. Amsarta ita ce, "Na yi haƙuri, kuma zan ci gaba da yi, amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba." Daga nan ki yi shiru, ki bar shi da maganar. Maza da yawa ba sa amsa laifi da baki, sai dai bayan mako biyu ki ji an ce, "Af, ina so mu yi shawara a kan yaron nan." Idan haka ta faru, kada ki ce ai da ma kin faɗa, ki ba da shawarar kawai.

Idan zuciyarki tana raya miki cewa irin wannan magana rashin tarbiyya ce, ki tuna da Khaula 'yar Sa'alaba, matar Ausu ɗan Samit. Ta je wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tana kai ƙarar mijin da ya ci ƙuruciyarta, ta haifa masa 'ya'ya, sai da ta manyanta haihuwa ta tsaya ya yi mata zihari, wato ya haramta wa kansa ita ta hanyar kamanta ta da mahaifiyarsa. Ba a ce mata ta koma ta yi kawaici ba. Sura ta 58 a Alƙur'ani, Suratul Mujadala, ta buɗe ne da cewa Allah ya ji maganarta. Aya ta 128 a Suratun Nisa'i ta yi maganar macen da ke tsoron miji ya juya mata baya, ta buɗe ƙofar sulhu, aya ta 35 kuma ta ce a tashi mai sasantawa ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta. Saboda haka idan kin yi magana sau biyu ko uku babu motsi, shigo da yayanki ko kawunki tare da wani dattijo da maigida ke jin nauyinsa hanya ce da addini ya shimfiɗa. Ki zaɓi masu riƙe sirri, kada ki kai maganar zauren WhatsApp na dangi.

Inda aka yi amarya, ciwon yakan ninka. Za a yi miki kayan faɗar kishiya, a kira ki uwargida ran gida, sannan a hankali ki tarar an mayar da ke mai tarbar baƙi da riƙon yara, fita da hira kuma sun koma wani ɗaki. Ki tsaya a kan abin da ake iya ƙirgawa, wato kwana da ciyarwa da kuɗin magani, domin su ne shari'a ta wajabta adalci a kansu. Rigimarki da maigida ce, kada ki sauke ta a kan yarinyar da in Allah ya ja kwana za ta tsaya inda kike tsaye. Idan kuwa abin ya kai ga duka ko hana abinci ko korar dare, ya wuce maganar gyaran tsari. Ki sanar da waliyyanki, ki kuma sani cewa ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da Hukumar Ba da Agajin Shari'a suna da ofis a Filato, kuma suna taimaka wa wanda ba shi da kuɗin ɗaukar lauya.

Da yara kuwa, sai mu faɗa wa kanmu gaskiya: mu muka koya musu. Yaron da tun yana aji ɗaya ake nemo masa safa, ake ɗauke kwanon da ya ci abinci, ba zai wayi gari yana da shekara ashirin da biyu ya fara ganin wahalar uwarsa ba. Ki koma kashi na biyu na littafinki, ki tara su bayan sallar isha'i, ki raba ayyukan da sunan kowa. Ki miƙa aiki gaba ɗayansa, har da tuna shi. Idan cika tukunyar gas ta koma hannun saurayin gidan, shi zai riƙa ɗaga ta ya ji nauyinta, ba ke za ki riƙa tuna masa ba, in ba haka ba kin ƙara wa kanki aikin gadi ne kawai. Kada ki ware maza. An tambayi Nana A'isha abin da Annabi yake yi a gida, ta ce yakan kasance cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin salla ya yi sai ya fita, kuma Bukhari ne ya ruwaito. Saurayin da ya iya wanke kayansa ya iya dafa taliya bai rage komai daga mazantakarsa ba, matar da zai aura kuma za ta yi miki addu'a.

'Ya'yan da suka yi aure suna da nasu salon. Za a sauke miki jikoki da safe da cewa "Umma, yanzu zan dawo", ba za ki sake ganin uwarsu ba sai magariba. Son jika daban, zama gidan reno daban. Ki sa ranaku, ki ce Talata da Alhamis ƙofarki a buɗe take, sauran ranaku sai an kira an tambaya. Masu albashi a cikinsu kuma, maimakon kyautar salla da "in an samu za a turo", ki nemi su haɗu su yanka miki wani abu tsayayye duk wata, komai ƙanƙantarsa, domin da tsayayyen abu ake yin lissafi. Kowa a cikinsu ya haddace hadisin da aka ambaci uwa sau uku kafin uba, har sukan sa shi a waya ranar Juma'a. Babu laifi ki nuna musu yadda ake fassara shi da aiki.

Dangin miji da 'yan unguwa ba sa buƙatar dogon bayani. Hidimarsu kyautatawa ce da kike samun lada a kanta, ba bashi ba ce. Ki koyi jimla ɗaya ki riƙe: "Wannan karon ba zan sami dama ba, amma ga gudunmawata." Kada ki ƙara dalili, domin kowane dalili kika kawo za a nemo masa magani. Ba kowane anko za ki yi ba, ba kowace tukunyar biki za ki tsaya a kanta ba. Za a yi gunaguni a bikin farko, a na biyu za a nemo wata.

Jikinki ma yana magana

Wani ɓangare na ƙuncin da kike ji daga jiki yake tasowa, kuma rashin sanin haka ya sa ana yi wa mata da yawa kallon masu faɗa ko masu iska. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata suna daina al'ada ne tsakanin shekara 45 da 55, kuma ana tabbatar da ɗaukewarta idan an yi wata 12 a jere ba a gan ta ba. Shekaru kafin hakan, sinadarin istirojin, wanda ke daidaita al'adar mace, yakan fara raguwa, al'ada ta rikice, barci ya ƙi, rai ya riƙa ɓaci a kan abin da bai kai ya kawo ba, mantuwa ta ƙaru, kwanciyar aure ta zo da zafi saboda bushewa. Mace takan farka cikin dare a jiƙe da gumi, zafi na taso mata daga ƙirji zuwa fuska, alhali ana tsakiyar sanyin Jos, kowa a gidan ya dunƙule cikin bargo biyu. Sai ta yi ta sayen maganin taifod da zazzaɓin sauro a kemis, ko a ce mata sammu ne. Ki je asibiti ki faɗa wa likita ko ma'aikaciyar jinya waɗannan alamu da sunansu, domin akwai abin da ake bayarwa ya sauƙaƙa su. Ki kuma yi wa maigida bayani, saboda mafi yawan maza ba su taɓa jin wannan magana daga bakin kowa ba. Abu biyu ki kiyaye: ciki yana iya shiga matuƙar watanni 12 ɗin ba su cika ba, jinin da ya dawo bayan sun cika kuma ba a zama da shi a gida, sai an duba.

Ke da kika raka kowa asibiti, ki raka kanki. Ki auna hawan jini, domin ba ya sallama kafin ya yi ɓarna, kuma idan awo ya kai 140 bisa 90 a ranaku daban-daban, magana ta zama ta likita. Ki auna suga. Ki riƙa duba nononki, in kin ji ƙullutu ki kai a gani tun yana ƙarami, domin sankarar mama ce ta fi kowace sankara kama mata a Najeriya. Gwajin bakin mahaifa ana fara shi ne daga shekara 30, don haka idan ba ki taɓa yi ba ki nema, a asibitin koyarwa na JUTH da ke Lamingo ko wani asibitin da ke yi. Gishirin da ya kamata babba ya ci a yini bai kai giram 5 ba, kusan ƙaramin cokalin shayi guda, kuma dunƙulen magi yana cikin lissafin. Tafiyar ƙafa ta minti 30 sau biyar a mako ta cika minti 150 na motsa jiki da ake so babba ya yi duk mako. Ki tambayi yadda ake shiga tsarin inshorar lafiya na jiha, PLASCHEMA, don kada ganin likita ya dogara da ranar da wani ya ga damar ba ki kuɗi. Idan kuma kin yi mako biyu ko fiye cikin baƙin ciki, abin da kike so a da ya daina ba ki sha'awa, ko kina jin gara mutuwa, wannan ciwon damuwa ne da ke da magani. Ki ci gaba da addu'a, ki kuma ga likita.

Abin hannunki

Macen da sai ta roƙi kuɗin keke kafin ta je gidan 'yar'uwarta, muryarta ba ta nisa a cikin gida. Ki buɗe asusun banki da sunanki, da BVN ɗinki, da layin wayar da aka yi wa rajista da lambar NIN taki, ba ta ɗanki ba. Lambar sirrin katinki ta zama sirri da gaske; ki sa a koya miki tura kuɗi da kanki ko da za a maimaita sau goma. Tun 2024 hukumar NDIC tana lamunce ajiyar mutum a bankin kasuwanci har naira miliyan 5 idan banki ya durƙushe, abin da babu uwar adashin da za ta iya yi miki. Ban ce ki bar adashi ba, amma ki ware ɗauka ɗaya a shekara wadda ba ta kayan ɗakin kowa ba ce, ba ta kuɗin makarantar kowa ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 cefane ya haɗiye jarin mata da yawa ba tare da kowa ya lura ba, don haka ki raba kuɗin sana'a da na miya, ki sanar da maigida iyakar abin da za ki iya cikawa.

Ga wani lissafi da ya kamata kowace matar aure ta yi tun maigida yana raye. Idan miji ya rasu ya bar 'ya'ya, rabon mata tumuni ne, wato kashi ɗaya cikin takwas, kuma matan duka ke raba shi. Idan abin da ya rage bayan biyan bashi da wasiyya naira miliyan 8 ne, tumuni miliyan 1 ke nan, mata biyu kowacce ta tashi da 500,000. To, idan ke kika sayar da sarƙarki ta gwal aka yi rufin gidan, ko garatutinki aka zuba a shago, kuma babu takarda babu shaida, kuɗinki sun shiga gado, za a raba su da kowa. Shi ya sa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu. Duk abin da kika ba maigida, ku fayyace ko rance ne, ko kyauta, ko haɗin gwiwa, a rubuta, mutum biyu su sa hannu. Filin da kika saya da kuɗinki a yi takardarsa da sunanki, ki kuma ajiye kwafi a wajen gidan. Wasu mazan za su ce rashin yarda ne. Ki ce masa kariya ce gare ku duka, domin shi ma ba zai so ya tafi da haƙƙin wani a wuyansa ba.

Sai kuma ki sami wurin da ake saninki da sunanki na yanka, ba maman wane ba. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, da ta tashi ilmantar da matan karkara ta hanyar 'Yan Taru, manyan mata ta zaɓa ta naɗa su jajis, ta ɗora musu malfa, suna jagorantar mata zuwa wurinta, suna komawa garuruwansu da karatu. Ta ga abin da mu muke mantawa, cewa macen da ta gama reno ita ce ke da sarari da hankali da kwarjinin da za a saurare ta. A yau akwai islamiyyun matan aure a kusan kowace unguwa daga Gangare zuwa Unguwar Rogo, akwai ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN da aka kafa a Minna a 1985 ƙarƙashin Hajiya A'isha Lemu, 'yan'uwanmu Kirista kuma suna da zumuntar mata a majami'u. Mai son komawa boko tana iya shiga ajin yaƙi da jahilci, ko Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa da ke da cibiya a Jos. Ki zaɓi abu ɗaya mai rana da lokaci tsayayye, ki sanar da gida cewa wannan lokacin ba a taɓa shi. Ki dai yi hattara kada a can ma ki zama mai dafa abincin taro. Idan ana neman ma'aji ko mai magana da yawun ƙungiya, ki ɗaga hannu. Haka ma a ofis: ma'aikaciyar da kowa ke kira Mama, ake ba ta rabon abinci ranar walima amma ake tsallake ta ranar tura mutane kwas, ta rubuta buƙatarta a takarda ta ajiye kwafi, kada ta tsaya ga faɗa da baki.

Makonnin farko ba za su yi daɗi ba. Za ki ji ana cewa "Umma ta canza", wata facala za ta ce an zuga ki, ke ma da kanki za ki ji kamar kin yi laifi ranar da kika fita makaranta kika bar kwanuka a jibge. Kada ki ɗauki duk matakan nan a wata ɗaya. Ki fara da littafin da awon jini, maganar maigida ta biyo baya idan kin san abin da za ki ce. Ranar da 'yarki ko ɗanki ya tuƙa tuwo ya fito da gudaji, miya kuma gishiri ya zarce, hannunki zai yi ta ƙaiƙayin karɓar muciya. Ki zauna a kan tabarmarki, ki ci abin da ya samu, ki ce Allah ya yi albarka, sannan ki gaya masa cewa gobe ya rage wuta kafin ya zuba gari.